Baƙuwa a Teburin Mijinta

Tun a cikin tasi Yuet-Ngo ta fara yi wa mijinta bita, kai ka ce yaro za ta kai jarrabawa.

"Siu-Wan ce babba, mai tabarau. Wing-Tat ne ƙaninta, mai tumbi. Matarsa kuma Pui-Shan. Tsoho, kana ji na kuwa?"

"Ina ji," in ji Bing-Lam, fuskarsa na wajen taga.

"To maimaita."

"Mai tumbi," ya ce, ya yi 'yar dariya, ya ci gaba da kallon titi.

Saura suna ɗaya da ba ta saka a cikin bitar ba, wato nata. Tambayar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Tsoron amsar take ji, kuma ta san tsoro ne, ba ta tsaya yaudarar kanta ba.

Ran nan Mak Bing-Lam ya cika shekara tamanin, 'ya'yansa biyu suka kama tebur a wani gidan shan shayi na masu hannu da shuni, can ƙololuwar wani dogon bene a Tsim Sha Tsui. Biki ne, babu shakka. Amma duk wanda zai zauna a teburin nan ya san ba taliyar tsawon rai da ake ci a irin wannan rana kaɗai ce ta tara su ba. Siu-Wan ta samo wa uban gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a Sha Tin, gida mai tsabta da ɗan lambu, kuma masu gidan suna jiran amsa a cikin makon. Bara, da aka fara tayar da maganar, Yuet-Ngo ta bugi tebur har kofuna suka yi tsalle. "Ranar da ya daina gane ni, ku ɗauke shi, ba zan ce uffan ba. Kafin wannan rana, duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne." Da ƙarfin hali ta faɗa, don ko a mafarki ba ta zaci ranar za ta zo ba. Mutumin da kuka haura shekara hamsin kuna jan bargo ɗaya, ta ina zai manta ki?

To, tun bayan bikin sabuwar shekara bai sake kiran sunanta ba. Ah-Ngo, Ah-Ngo, kiran da ya cika gidan da shi safe da yamma har takan ce ya bar ta ta sha iska, ya ɗauke ɗif kamar an rufe famfo. In ta miƙa masa tawul sai ya yi mata godiya. Ba ta gaya wa kowa ba. Barci kuwa sai wanda ta sata a kujera kusa da ƙofa, saboda yakan tashi ya ɗaura takalmi wai zai tafi aikin jirgin fito, aikin da ya bari tun gashinsa da sauran baƙi. Shi ya sa ran nan take jin jikinta sakayau, kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa sosai.

Lokacin laimar nan ne da bango ke gumi, wanki ya ƙi bushewa, hazon teku ya haɗiye rabin birnin. Da lif ta ajiye su a sama, manyan tagogin gidan babu komai a bayansu sai fari fat. Babu tashar ruwa, babu benayen tsallake, babu dutsen da ke bayansu. Sai can ƙasa mai nisa, jefi-jefi, ƙahon jirgin fito yana kuka a hankali. Bing-Lam ya ja ya tsaya, ya karkata kunne, sai da ta ja hannun kwat ɗinsa sannan ya taho.

Wai nan ne gidan shayi. Darduma mai haɗiye sawu, fitilu na reto daga rufi, ma'aikata cikin baƙar kwat suna magana ƙasa-ƙasa kamar ana jinya. Babu matan nan masu tura amalanke suna shelar abin da suka ɗauko, babu mai ɗauraye kofinsa da ruwan zafi a kwano, kai ko ƙarar cokali ba ka ji. Mu da muka tashi a gidajen shayin da sai ka ɗaga murya na kusa da kai ke jin ka, irin wannan wuri sanyi yake sa mu. Amma yara sun ce nan suke so, kuma abincin, a faɗi gaskiya, ba dama.

Wing-Tat ne ya fara hango su. Ya taso da gudunsa na masu ƙiba, hannu a buɗe. Shi dama tun yana yaro bayan uwarsa yake, ko da gaskiya ko babu.

"Baba, barka da cika tamanin. Kai, dubi kwat, dubi gashi ya sha mai. Mama, ango kika kawo mana?"

Bing-Lam ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya dube shi sama da ƙasa. "Mai tumbi," ya ce.

Wing-Tat ya fashe da dariya, ya juya wajen yayarsa. "Kin ji ko, Yaya? Ya gane ni sarai."

"Wannan tumbin ai daga tsallaken ruwa ma ana gane shi," in ji Siu-Wan.

Ita ba ta yi dariya sosai ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta kusa ritaya, kuma idonta ya saba ganin abin da mutane ke ɓoyewa. Ta gaida uban, ta gyara masa wuyan riga, sannan ta kama wuyan hannun uwar, ta zagaye shi da yatsu biyu.

"Mama, kin rame."

"Rigar ce ta yi yawa."

"Rigar da na kai ki aka auna?"

"To telan ne bai iya ba. Sake ni, mutane na kallo."

Suka zauna su biyar a zagayayyen tebur mai faifan gilashi a tsakiya, irin wanda ake juyawa. An sa tsohon a kujerar da ke fuskantar ƙofa, matarsa a damansa. Gaban kowa da ƙaramin kwano, da kofi, da tsinkayen cin abinci kashi biyu a jere, farare na kai wa baki, jajaye na ɗibar wa mutane. Pui-Shan, surukar gidan, mace mai sanyin hali da ba ta shiga faɗan 'yan'uwa, ta ɗauki butar baƙin shayi ta fara zuba wa surukinta. Bing-Lam ya lanƙwasa yatsu biyu ya ƙwanƙwasa tebur a gefen kofin, godiyar da kowa ke yi tun yana yaro. Yuet-Ngo ta ji wani sanyi a ranta. Hannun dai bai manta ba. Idan hannu bai manta ba, ai da sauran magana.

Sai kwandunan gora suka fara isowa, ɗaya kan ɗaya. Duk wanda aka buɗe, tururi ya tashi ya tsaya a tsakanin fuskoki, har Yuet-Ngo ta rasa inda tururin ya ƙare da inda hazon taga ya fara. Ga ƙunshin jatan lande, fatarsa siririya har kana hango jan da ke ciki. Ga naɗin shinkafa mai santsi yana iyo a miyar waken soya. Ga shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganye, ga curin naman sa, ga wainar wani farin tushe mai kama da karas da aka toya gefenta ya yi ja. Wing-Tat yana juya faifan yana sharhi a kan kowane kwando kamar shi ya dafa.

"Dubi nan, har da ɗigon zinariya suka ɗora a kai. Baba, yau zinariya za ka ci."

"Ka bar wa wasu dai," in ji matarsa a hankali.

"Ni ɗanɗanawa kawai nake yi, kada a ba Baba abin da bai yi ba."

A nan ne Bing-Lam ya ɗan miƙe a kujerarsa. Ya sa yatsa ya tsayar da faifan, ya juyo da kwandon jatan lande gabansa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi cika. Sai ya ɗauki jajayen tsinkaye, ya riƙe bakin hannun rigarsa da ɗaya hannun, ya ɗauko ƙunshin a hankali ya ajiye a kwanon Yuet-Ngo. Ya ɗan rusunar da kai.

"Ki ɗanɗana. Da zafinsa ya fi daɗi."

Wing-Tat ya tafa hannu. "Kun gani? Mama ya fara zuba wa, kamar kullum. Yaya, ki kira mutanen Sha Tin ki ce su ba wani gadon."

Yuet-Ngo ba ta ji ƙarshen maganar ba. Jajayen tsinkayen take kallo, har ya mayar da su mazauninsu ya daidaita kawunansu.

Waɗannan jajayen ba da su muka tashi ba. Shekarar annobar nan ta numfashi ce ta kawo su kowane tebur, aka ce kada kowa ya ɗebar wa wani da tsinken da ya kai baki. Siu-Wan ce ta shigo da su gidan a lokacin, ta tsaya kai da fata. Bing-Lam ya yarda da kowa, amma da aka zo kan matarsa sai ya ture su gefe. "Ku da na haifa ma na yarda. Amma uwarku, abin da zai kashe ta ya haɗa da ni. Ni ba baƙuwa na aura ba." Tun daga ran nan, ko a gida ko a gidan biki, ko a gaban wa, da tsinken bakinsa yake zuba mata, ita tana harararsa tana cewa ƙazami, yana dariya. Bai taɓa fashi ba sai yau.

Sau ɗaya tak ya taɓa yi mata irin wannan ladabi, kuma yanzu wurin ya dawo mata gaba ɗaya, ya zauna a kan wannan. Dardumar ta janye, daɓen siminti mai jiƙe ya fito. Fankoki na juyawa a rufi, tsofaffi sun rataye kejin tsuntsayensu a saman tebura, tsuntsayen na gasar kuka da masu tura amalanke. Wani gidan shayi ne a Yau Ma Tei, ita kuma yarinya ce mai haɗa furannin roba a masana'anta, cikin rigar aro, gwaggonta mai haɗa aure tana mintsininta a cinya don ta daina kallon ƙasa. Ga saurayin a tsallaken tebur, ya wanke hannu har ya yi ja amma baƙin man inji bai bar farcensa ba. Babu jajayen tsinkaye a zamanin, sai ya juya nasa, ya ɗauko mata da gindin da bai taɓa baki ba, yana riƙe da hannun riga. Ya ce da zafinsa ya fi daɗi.

"Na gode," in ji Yuet-Ngo, ba ta san wa ta ce wa ba, saurayin ko tsohon.

Ta kai ƙunshin baki ta tauna. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Da ta ɗago kai sai ta ga Siu-Wan ma jajayen tsinkayen take kallo, sannan idon 'yar ya taso a hankali ya sauka a kan nata.

"Baba," in ji Siu-Wan, muryarta a tausashe, "wace ce wannan ta gefenka?"

"Haba Yaya," in ji Wing-Tat. "Yau ma? Asibiti muka zo ko biki?"

"Tambaya kawai na yi."

Bing-Lam ya juyo ya dubi matar da ke gefensa. Ya daɗe yana dubanta. Yuet-Ngo ta riƙe gefen kujera a ƙarƙashin tebur. Sai ya yi murmushi, ya sosa bayan kunnensa.

"Ke yarinya, ana yi wa namiji irin wannan tambaya a gaban mace? Kunya kike so ki ba ni."

Wing-Tat ya yi dariya har da dukan cinya, Pui-Shan ma ta rufe baki da hannu. Yuet-Ngo ta yi wuf ta juya faifan, ta tura wa 'yarta kwandon shinkafa.

"Kin samu amsa? To ci abincinki, kin zo kin tsare mutum da ido kamar 'yar sanda."

Siu-Wan ta ɗauki tsinkenta.

Daga nan biki ya kankama. Aka kawo taliyar tsawon rai a faffaɗan faranti, ma'aikacin yana ɗagawa sama yana rabawa ba tare da ya tsinke ko zare ɗaya ba. Wing-Tat ya miƙe da kofin shayi ya yi wa uban fatan shekaru masu yawa, ya sarƙe a tsakiya, matarsa ta ƙarasa masa. Bing-Lam ya sunkuya ya zuƙi taliyarsa har ƙarshe bai ciza ba, romo ya fantsama a kwat ɗin, kowa ya tafa. Jikoki da ke karatu a ƙasar waje suka bayyana a fuskar waya suna ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga musu, yadda yake ɗaga wa kowa. Aka kawo burodin tsawon rai masu jan kumatu, suna tururi, an jera ƙanana a kewaye da babba.

Yuet-Ngo tana zaune a tsakiyar wannan duka kamar mai shawagi. Ta ci nasara, abin da ta gaya wa kanta ke nan. Saura shayi ya ƙare, a tashi, ta tafi da shi gida, Siu-Wan ba ta da wata hujja sai tsinke. Wa zai kai ubansa gidan tsofaffi saboda launin tsinke?

Sai ta ji Bing-Lam ya matso kusa da kunnenta, yana ƙanshin man gashin da ita ta shafa masa da safe.

"Ke ma ta ruwa kika zo?"

Ta dubi yaran. Suna gardama a kan wanda ya fi cin burodi.

"Ta ruwa," ta ce a hankali.

"Yau sai a hankali. Ba a ganin ko bakin jirgi. Amma kada ki ji tsoro in za ki koma, da kunne muke tuƙi a irin wannan rana. Kowane jirgi da muryarsa."

"Haka ne?"

"Ƙwarai. Saurara." Ya ɗaga yatsa. Can ƙasa ƙaho ya yi kuka, wani ya amsa masa daga nesa. "Kin ji? Wancan daga Wan Chai ya taso."

Ta saurara. Abin kunya, daɗi take ji. Watanni ke nan yana dubanta kamar yadda ake duban kujera ko labule, yau ga shi yana dubanta da ido mai rai, yana neman ya burge ta. Ya zuba mata shayi, ta ƙwanƙwasa masa tebur. Ya tambaye ta ko tana son zaƙi, ta ce kaɗan, ya raba burodi biyu ya ba ta ɓangaren da ya fi ƙullin zaƙi a ciki, da jajayen tsinkaye. Tsuntsayen Yau Ma Tei na ta kuka a wani wuri a bayan kanta. Ta ji da za a bar ta a nan, tsakanin tururi da hazo, tana budurwa tana tsohuwa a lokaci guda, da ba ta nemi komai ba.

Kwando na ƙarshe ya makara. Ƙafar kaza ce a jar miya, ta dahu har tana neman rabuwa da ƙashi. Irin wannan gida ba sa son sa ta a gaba, wai ba ta da kyan gani, sai da Wing-Tat ya roƙa tun da suka zauna. Ma'aikacin na ajiyewa, Bing-Lam ya miƙa hannu ya janyo kwandon daga kan faifan zuwa gabansa, ya mayar da murfin, ya ɗora tafinsa a kai.

"Baba, a taimaka wa talaka da guda ɗaya mana," in ji Wing-Tat, ya miƙo tsinke.

Uban ya ɗalle masa hannu. "Kai, kauce. Wannan na Ah-Ngo ne."

Sunan ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa. Idanunta suka cika nan take. Ashe yana nan. Ashe duk tsoron banza take yi, tsoho ne kawai da wasansa. Ta dubi Siu-Wan da fuskar wadda ta yi nasara, ta ɗauki kwanonta da hannu biyu ta miƙa masa, tana dariya tana hawaye.

Bing-Lam ya dubi kwanon. Kunya ta kama shi, ya ɗan janye kwandon zuwa ɗaya gefen.

"Ki yi haƙuri, uwargida. Na matata ne. Ita ce mai son su, ni ban damu da su ba. Ta makara ne, hazon nan ya tsare jirgi."

Kwanon na nan a hannunta a sama, sai da Pui-Shan ta miƙo hannu ta karɓa a hankali ta ajiye. Wing-Tat ya ɗauki tawul ɗin goge hannu ya danna a fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza. Siu-Wan ta cire tabarau ta riƙe. Babu alamar nasara a fuskarta ko kaɗan, sai ta koma kamar ƙaramar yarinyar da aka manta a bakin makaranta.

A teburin kusa wasu suna rera wa jaririnsu waƙa. Ma'aikaci ya zo ya ƙara ruwan zafi a buta ya tafi, bai lura da komai ba.

An daɗe kafin a tashi. Pui-Shan ta sa aka juye ƙafar kazar a ƙaramin akwati aka ɗaure, ta ba surukinta, ya karɓa ya rungume. Amma da Wing-Tat ya zo ɗaga shi, sai ya ƙi.

"Ku je kawai, na gode da karamci. Ni zan jira ta."

"Baba, za su share teburin."

"Su share. In ta zo ba ta same ni ba na shiga uku. Ku ba ku san ta ba ne."

Ya gyara zama yana fuskantar ƙofa, akwatin a cinya, idonsa a kan duk macen da ta shigo. Yuet-Ngo ta tsaya tana kallonsa, a nan ta gane abin da ta ƙi ganewa tun sabuwar shekara. Ba aiki yake ɗaura takalmi zai tafi ba. Nemanta yake fita yi. Mutum mai mata ba ya zama a gidan wata, komai kirkinta, kuma wata rana barci zai sace ta a kujerar nan, ya buɗe ƙofa ya bi titi yana neman Ah-Ngo har bakin ruwa. Baƙin ciki ya cika ta, tare da wata gajiya da ta daɗe tana dannewa.

Ta goge fuskarta, ta gyara rigarta, ta zagayo ta gabansa ta ɗan rusuna.

"Malam Mak, na manta ban gaya maka ba. Ita ta aiko ni. Ta ce ba za ta samu zuwa ba, in taho da kai gida."

Ya dube ta da mamaki. "Kin san ta?"

"Tun muna yara."

"Ikon gaske. Shi ya sa na ji kamar na saba da ke." Ya rage murya. "Ta yi fushi ko?"

"Ba ta yi fushi ba."

"Gaya mini gaskiya."

"Ba ta yi ba. Ta gaji ne kawai."

"Ai dole," in ji shi, yana miƙewa da ƙyar. "Ba ta hutawa. Na yi faɗan har na gaji, ba ta ji."

A bakin lif, yana can yana karanta lambobin da ke haskawa, Yuet-Ngo ta kama hannun 'yarta ta ja ta gefe.

"Gobe ki kira mutanen Sha Tin."

"Mama," in ji Wing-Tat, idonsa jawur, "ba dole ba ne. A bar zancen alkawarin nan, wa ya riƙe shi? Mu samo mai taya ki, ni ma zan riƙa zuwa."

"Ni na faɗa da bakina, kuma ba don alkawarin ba ne. Su suna da mai gadin ƙofa da ba ya gyangyaɗi." Ta juya ga Siu-Wan. "Ki gaya musu ba ya shan shayi mai sanyi. Kuma ki tambayar mini lokacin da ake barin baƙi su shiga."

Siu-Wan ta rungume ta, abin da ba su saba yi ba, har ta ji ƙasusuwan uwar a cikin rigar. Yuet-Ngo ta bari na ɗan lokaci, sannan ta ture ta a hankali.

"Ya isa. Ku bi ta wancan, mu za mu sauka mu kaɗai. Yau dai na ce zan kai shi."

Ƙofar lif ta buɗe. Bing-Lam ya ja da baya ya ba ta hanya ta fara shiga, sannan ya biyo ta, akwatin a manne da ƙirjinsa. Suna sauka kunnuwanta suka toshe, ta ji kamar cikin ruwa suke nutsewa a hankali, su biyu kawai. A ƙasa titi a jiƙe yake, fitilun motoci na tafe cikin farin hazo kamar ba su da masu tuƙi. Ya miƙo mata gwiwar hannunsa cikin ladabi, ta saƙala nata.

"Da nisa?" ya tambaya.

"Da ɗan nisa."

"To mu ɗaga ƙafa, uwargida. Ba ta son su in sun huce."

Ta ƙara sauri.